Gona ɗaya, kwalba iri ɗaya, me ya sa shekarar da ke jiki take ninka kuɗin?

Ƙanena na ga tambayarka. Ka ce wata uku kenan da ka samu aikin sabis a wani gidan cin abinci a Faransa, kuma abin da ya fi ɗaure maka kai shine takardar giyar inabi da ake miƙa wa kwastoma, gona ɗaya suna ɗaya kwalba iri ɗaya amma ta 2010 kuɗinta ya yi wa ta 2013 nisa, har ranar da ka yi kuskure ka kawo wa wani dattijo 2013 alhali 2010 ya ce, sai da oganka ya ja ka kicin ya wanke ka tas. Kana son ka sani wai da gaske akwai bambanci ko dai Turawa ne kawai ke cutar junansu.

Toh bari in fara da kaina don ka san wa ke maka magana. Noma na karanta, karatun ne ya kawo ni yankin Bordo a nan Faransa, na yi shekaru a gonakin inabi ina auna sukari da tsami kafin a tsinka, daga baya na koma sito wajen wani ɗan kasuwa mai saye a hannun gonaki ya sayar waje. Ni ba na sha, hukuncin sha kuwa kowa ya san shi, batun aikin da kake yi kuma ka kai wa malamai don ni ba malami bane. Amma inabin na tauna shi a gona, na shinshina ganguna ba adadi, kuma na daɗe ina kallon fuskar masu sha da aljihun masu saye, wani lokacin wanda ke gefe ya fi ganin wasan.

Lambar nan da kake gani, wadda su ke ce wa milezim, shekarar da aka tsinke inabin ce, ba shekarar da aka zuba a kwalba ba. A dokar Tarayyar Turai sai aƙalla kashi 85 cikin 100 na abin da ke ciki ya fito daga kakar wannan shekarar kafin a rubuta ta. Inabi kuma sau ɗaya yake haihuwa a shekara, a Bordo ana tsinka daga Satumba zuwa Oktoba, in ka ga kwalbar Afirka ta Kudu ko Chile ko Ajantina kuwa tasu kakar wajen Fabrairu zuwa Afrilu ce. Kenan lambar labarin yanayi ce, ruwan da aka yi da ranar da aka yi da sanyin da aka yi a wannan shekarar. Duk ɗan manomi ya san wannan ba sai an je makaranta ba, geron bana da na bara gona ɗaya suka fito amma ba ɗaya bane.

Bordo kuwa wuri ne mai yanayin da ba a shaidarsa, tana bakin tekun Atilantika, yau rana gobe ruwa. Wani malamin jami'ar Bordo da ya rasu, Denis Dubourdieu, ya kan lissafa abin da shekara ke buƙata kafin a ce ta yi kyau, kuma in ka yi aikin gona za ka ga gaskiya ya faɗa: fure ya fito da wuri kuma a tare, lokacin da 'ya'ya ke ƙullawa kar a yi ruwa da yawa, sannan kafin inabin ya fara juya launi itacen ya ɗan ji ƙishi don ya daina fidda ganye ya maida ƙarfinsa kan 'ya'ya, Agusta da Satumba a yi ɗumi ba ruwa sosai, sai na ƙarshe wanda shi ke hana masu gona barci, a samu sararin tsinka ba tare da ruwa ya sauko ba. Daga fure zuwa tsinka wajen kwana 100 ne a lissafin tsofaffi, kuma kwana goman ƙarshe za su iya rusa tis'in ɗin farko.

Abin da ake nema a jar giya abu uku ne su daidaita. Sukari, wanda shi ke komawa barasa. Tsami, wanda ke hana ta zama kamar ruwan alewa. Sai bauri, irin wanda kake ji in ka ci ɗanyar kanya ko ɗanyar ayaba bakinka ya ɗaure, shi daga ɓawo da ƙwallon inabin yake fitowa, kuma shine ƙashin bayan jar giya, shi ke sa ta iya zama shekara 20 ko 30 a kwalba ba ta mutu ba. In rana ta yi ƙaranci ƙwallon bai nuna ba, baurin zai fito ɗanye mai kaushi ga warin ɗanyen tattasai. In ruwa ya sauko dab da tsinka inabin zai sha ya kumbura, ruwansa ya tsinke, ɓawon ya fashe, fumfuna ta shiga. In zafi ya yi yawa kamar 2003 da Turai ta ƙone a watan Agusta, tsamin zai gudu inabin ya zama kamar busasshe.

Shi ya sa 2013 ɗin da ka kawo ta yi baƙin jini. Na ga wannan shekarar da idona, sanyi da ruwa suka lalata fure, ƙanƙara ta zuba a farkon Agusta ta kwashe wasu gonaki kakaf, sannan ƙarshen Satumba aka yi ɗumi da laima ruɓa ta taso, mutane suka dinga tsinka a guje ba don ya nuna ba sai don kar a rasa duka. 2010 kuwa rani ne busasshe, rana da yawa amma dare da sanyi, inabin ya fito ƙanana masu kaurin ɓawo. Toh kaga oganka ba hauka yake ba, bambancin na nan. Har wani masanin tattalin arziki na jami'ar Princeton a Amurka, Orley Ashenfelter, ya nuna cewa da abu uku kacal, ruwan hunturu, zafin lokacin girma, da ruwan lokacin tsinka, za ka iya hasashen yadda farashin shekara zai kasance a gwanjo ba tare da ka ɗanɗana ko ɗigo ba. Ya ce 1989 da 1990 za su yi fice tun giyar tana jaririya, masu ɗanɗano suka yi ta masa dariya, ƙarshe shekarun biyu suka shiga sahun manya.

Amma fa a nan ne nake so ka buɗe kunne, don daga nan gaskiya take fara haɗuwa da talla. In aka ce shekara kaza ta yi kyau a Bordo, kamar a ce maka damina ta yi kyau a Arewa ne, alhali wani ƙauye ya sha ruwa wani kuma da ke kusa da shi ya yi fari. Bordo kogi ya raba ta. Gefen hagu, wajen Medok, ƙasar tsakuwa ce, inabin da ya fi yawa Cabernet Sauvignon, mai jinkirin nuna. Gefen dama, Pomerol da Saint-Émilion, laka ce da farin dutse, Merlot ya fi yawa, shi kuma yana riga nuna da sati ɗaya ko biyu. Sati biyun nan ba wasa bane. A 1998 masu Merlot sun kwashe nasu kafin ruwan ƙarshen Satumba, Pomerol ta yi abin tarihi, Medok kuwa ta yi daidai misali. A 1996 sai abin ya juya, Medok ce ta ci. A 1964 ruwa ya ɓarke cikin Oktoba, wanda ya tsinka kafin nan ya yi dariya, maƙwabcinsa da ya ce bari in ƙara kwana uku ya yi kuka, kuma duk 1964 ce rubuce a kwalbarsu.

Ga kuma hannun mai gona. A Italiya 2002 shekara ce da kowa ya tofa wa yawu, ruwa da ƙanƙara, amma gidan Giacomo Conterno a yankin Barolo suka fitar da babbar giyarsu Monfortino a wannan shekarar, kuma yau ana lissafa ta cikin mafi kyau da suka taɓa yi. Manyan gonaki suna da kuɗin da za su zubar da rabin amfani. Suna da giya ta biyu, Latour na da Les Forts de Latour, Lafite na da Carruades, Margaux na da Pavillon Rouge, in shekara ta yi tsiya sai a tura gangunan da ba su kai ba can, a bar zaɓaɓɓu kawai a babban suna. Wani lokacin ma a ƙi fitarwa gaba ɗaya, Petrus ba su fitar da 1991 ba, shekarar da sanyin Afrilu ya ƙone tohon inabi cikin dare ɗaya. Ga teburin tsince-tsince, ga injin da ke duba ƙwaya ɗaya ɗaya da kyamara ya hure ruɓaɓɓiya da iska, ga tankunan da ake saita musu zafi. Munanan shekarun da tsofaffi ke ba da labari irin 1963, 1965 da 1968 inda giyar ta kusa zama ruwan wanki, yanzu a babbar gona da wuya ka ga irinsu. Mugunyar shekara a yau yawanci ma'anarta giya mara nauyi wadda ba za ta daɗe ba, ba wai gurɓatacciya ba. Ƙaramin manomi da ba shi da halin zubar da komai shi ne shekarar ke dannewa da gaske, kuma shi babu mai rubuta labarinsa.

Yanzu ta yaya sunan shekara ke fita? Wannan shine ɓangaren da na fi sani don a sito na ga yadda kuɗi ke tafiya. A Bordo akwai tsarin da suke ce wa firimer, wato sayen giya tun tana ganga, ya ɗan yi kama da mai sayen amfani tun yana gona. An tsinka a Oktoba, watan Afrilu mai zuwa 'yan jarida da 'yan kasuwa daga ko'ina su cika gari, a ɗebo musu daga ganga su kurkure baki su tofar, su ba da maki. Giyar nan wata shida kacal take da shi, ba a gama haɗa ta ba, saura sama da shekara ta shiga kwalba, kuma mai gona ne ya zaɓi gangar da za a ɗebo, ai kuwa ba zai ɗebo gurguwa ba. Kan wannan ɗanɗanon ake sa wa shekara suna, gonaki su fitar da farashi, dillali ya ɗauki kashi 2 cikin 100, ɗan kasuwa ya saya ya sayar wa na Landan ko Hong Kong, mai saye ya biya yau kwalba ta iso shi bayan kamar shekara biyu. Kamar a kalli jaririn wata shida ne a ce wannan gwamna zai zama. Masu gwaninta suna yawan dacewa, ban hana ba, amma sunan da aka raɗa a Afrilun nan shi ke bin kwalbar har ta tsufa ko da ta canza hali.

Wanda ya fi kowa nuna ƙarfin wannan abu wani lauya ne ɗan jihar Maryland a Amurka, Robert Parker, wanda ya fara fitar da mujallarsa a 1978 yana ba giya maki kan 100 kamar jarabawar makaranta. Da aka ɗanɗana 1982 a ganga, wasu tsofaffin masu sharhi suka ce ta nuna da yawa ba ta da tsami ba za ta daɗe ba, shi kuma ya ce ku saya iya ƙarfinku. Amurkawa suka saya, dala na da ƙarfi a lokacin, giyar ta yi kyau, daga nan bakinsa ya zama farashi. Har ya kai a zamaninsa, kafin ya yi ritaya a 2019, gonaki da yawa ba sa fitar da kuɗinsu sai sun ji makinsa. Mutum ɗaya fa, harshe ɗaya, kuma kowa ya san yana son giya mai kauri mai nauyi, wanda shi kuma mai son mara nauyi sai ya ga kamar shi ne bai iya ba.

In kana son ganin inda suna da kaya suka rabu, dubi waɗannan. 1997 shekara ce mara nauyi amma kasuwa na zafi, gonaki suka tsawwala kuɗi, masu saye suka ƙone, aka daɗe ana sayar da ita ƙasa da kuɗin da aka saye ta. 2000 kuwa ga kyau ga sifili uku, kowa na son kwalbar sabon ƙarni, sai 2001 ta zo a inuwarta ba mai kallonta, alhali a Pomerol da Saint-Émilion mutane da yawa da suka san abin yau za su ce maka a gonaki da dama 2001 ta kamo yayarta ko ta wuce ta, kuma da rahusa. 2008 ta fito kasuwa a bazarar 2009 duniya na cikin rikicin bankuna, aka sake ta da araha, waɗanda suka saya suka ci riba mai yawa. Sai 2009 da 2010 suka zo a jere, duka biyun manya, a daidai lokacin da attajiran Chaina suka shigo da ƙarfi bayan Hong Kong ta soke harajin giyar inabi a 2008, farashi ya hau inda bai taɓa zuwa ba. Lafite ma suka sa alamar lamba 8 da rubutun Chaina a kwalbar 2008 saboda a can takwas lambar sa'a ce, kuɗinta ya yi tsalle cikin kwanaki, kuma wallahi ko ɗigo ɗaya bai canza a cikin kwalbar ba. Tsakiyar 2011 kasuwa ta faɗi, waɗanda suka sayi 2010 a ganga da yawa sun shekara da shekaru kayansu bai koma kuɗin da suka biya ba. Giyar tana da kyau sosai, cinikin ne bai yi kyau ba, kuma mutane suna yawan rikita waɗannan biyun. Latour daga 2012 suka ce sun fita daga tsarin, za su riƙe kayansu sai sun ga ya isa sha.

Inda suna ya yi tsada kuma ɓarawo na kusa. Kwalba ɗaya ta Romanée-Conti 1945, daga yankin Burgundi na Faransa, an sayar da ita dala 558,000 a gwanjon Sotheby's a New York a 2018, kuma kwalba 600 kacal aka yi a wannan shekarar. Wani ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, Rudy Kurniawan, ya yi shekaru yana haɗa giya a gidansa yana manna takardun manyan shekaru yana sayar wa attajirai. Abin da ya fi tona shi, a 2008 ya kai gwanjo kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu shekaru daga 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan giyar ba sai 1982, mai gidan da kansa ya taso daga Faransa ya je ya hana a sayar. An kama shi 2012 aka yanke masa shekara 10. Abin da ni ya fi tsaya min a rai a labarin, manyan masu kuɗi da ke ji da harshensu sun sha jabun nan a liyafa suna lumshe ido suna yabon 1947 da 1961, ba wanda ya tofar.

Wannan ya kawo mu kan jin daɗin, wanda shine rabin tambayarka. Baki ba shi kaɗai ke ɗanɗano ba, kunne ma na yi. A 2008 masu bincike a Kalifoniya suka sa mutane cikin injin hoton ƙwaƙwalwa suna ba su giya ta bututu, kwalba ɗaya ta dala 90 wani lokacin a ce musu 90 ce wani lokacin a ce 10 ce, wata ta dala 5 kuma a ce 45. Mutanen suka ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma ba ƙarya suke don burga ba, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai jin daɗi da gaske ya fi motsi in an ce mai tsada ce. A Zurich aka yi irinsa da maki, giya ɗaya, wasu aka ce musu Parker ya ba ta 92 wasu aka ce 72 kafin su kurɓa, na 92 suka fi yabonta. Kan shekara kai tsaye kuma wani farfesan Chicago, Roman Weil, ya jera wa mutane kofi uku, biyu daga shekara ɗaya ɗayan daga wata, gona ɗaya, shekara mai suna da mara suna, ya ce su fidda bare. A yawancin yankuna ba su fi mai canki-canka ba, sai a ta Bordo ne suka iya rabewa, kuma ko cikin waɗanda suka rabe ɗin kusan rabi mara sunan suka fi so.

Ni ma na ga ƙaramin irin wannan. Ogana na da, in manyan baƙi suka zo ya kan juye kwalabe biyu a tulun gilashi ba takarda, ya ce su faɗi wacce ce babbar shekara. Sai ka ga ɗaki ya yi tsit, masu surutun ɗazu kowa na jiran wani ya fara magana. Da zarar ya nuna kwalaben kuwa sai baki ya buɗe, wanda ya zaɓi ƙaramar ya ce ai dama ya ji babbar ba ta buɗe bane tukuna. Ban ce babu gwanaye ba, akwai waɗanda za su shinshina su ce maka zafi aka yi ko sanyi a shekarar kuma su dace, na zauna da su. Amma ba su kai yawan masu cewa sun iya ba.

Kuma maganar ba ta buɗe ba ɗin nan ba koyaushe take zama wayo ba, akwai gaskiya ciki, kuma ita ce abin da zai fi maka amfani a wurin aiki. Babbar shekara ana yabonta ne saboda za ta daɗe, ba don ta fi daɗi yau da daddare ba. Babbar giyar Medok ta shekara mai ƙarfi in aka buɗe ta tana shekara biyar ko shida, bauri ne zai ɗaure wa mutum baki kamar ya tauna ɓawon itace, sai ta yi 15 ko 20 kafin ta saki jiki. Ita kuwa ta shekara mara nauyi irin 2007 ko 2013 ko 2017 tana saurin isa, kuma kuɗinta da sauƙi. Shi ya sa masu gidajen abinci da suka san kan aiki su ne manyan masu sayen ƙananan shekaru a wurinmu, muna kallon kayan kamar kwantai su kuma su zo su kwashe, don kwastoma zai ga babban suna a kuɗin da zai iya biya kuma giyar ta isa sha. Sai dai kar a ajiye irinta da yawa, 2013 yanzu ta haura shekara goma, a ƙananan gonaki da yawa ta fara gangara.

Ajiya kuma tana iya cinye shekara ɗungurungum. Giya na son wuri mai duhu, sanyi wajen digiri 12 zuwa 14 da ba ya hawa da sauka, kwalba a kwance don toshiyar kar ta bushe. Na sha loda kaya masu zuwa tashoshin Afirka ta Yamma, in mai saye ya ƙi biyan kwantena mai sanyi, kayan su yi makonni a tasha cikin rana, abin da zai isa otal a Legas ko Kwatano ko Yamai dafaffe ne, ko 2010 ce rubuce ko 2005. Alamarsa toshiya ta turo sama, ko ka ga sawun ɗigo ya bushe a wuyan kwalba. Akwai kuma cutar toshiya, ka buɗe ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, wannan ba laifin shekara bane ba laifinka bane, canzawa ake yi, kuma hanci kawai ya ishe ka gane ta ba sai ka kai baki ba.

Sannan kar duk wannan ya ruɗe ka ka ɗauka kowace kwalba haka take. Mafi yawan giyar da ake sha a duniya, irin ta kanti mai Yuro 6 ko 10, an yi ta ne don a sha cikin shekara biyu ko uku, an haɗo ta daga gonaki da yawa don ta fito iri ɗaya kullum. A irinta lambar shekara amfaninta ɗaya, ka san ko ta tsufa, sabuwa ta fi. Haka wuraren da rana ba ta yi musu rowa, irin Mendoza a Ajantina ko tsakiyar Chile inda ake ban ruwa, tazarar shekara da shekara ba ta kai ta Bordo ko Burgundi ko Barolo ba. Kuma sunan shekara ba ya tsallaka iyaka, wanda ya haddace cewa 2002 ta yi tsiya saboda ambaliyar da aka yi a kudancin yankin Rhône na Faransa da ruwan Italiya, in ya ƙi jar Burgundi ta 2002 ya yi asara don can ta yi kyau.

A aikace, ka riƙe kwalba ka nuna wa kwastoma takardar kafin ka buɗe, ka faɗi sunan gona da shekarar da bakinka, wannan kaɗai zai raba ka da faɗan kicin. In shekarar da ke rubuce a takardarku ta ƙare an kawo wata, ka faɗa tun kafin, kar ka yi shiru kana fatan ba zai lura ba, irin dattijon nan lambar yake fara dubawa kafin sunan. Ka haddace kaɗan na Bordo ya ishe ka: 2000, 2005, 2009, 2010, 2015, 2016, 2019 su ne masu suna, 2001, 2008, 2014 masu kyau ne da ba a cika yi musu kirari ba, 2013 da 2021 masu rauni. In aka tambaye ka ra'ayinka ka ce ba ka sha amma ga abin da mai kula da giyar gidan ya ce, ba wanda zai raina ka, sun fi raina mai ƙaryar ya sani.

Za ka kuma haɗu da masu neman shekarar haihuwarsu ko ta aurensu, su ba ruwansu da maki. Wani ya taɓa sa mu neman masa 1984, shekarar da Merlot ya lalace tun a fure, muka gaya masa gaskiya cewa ba ta yi kyau ba kuma ta riga ta tsufa, ya ce ya sani, a shekarar aka haifi 'yarsa kuma aurenta za a yi. Muka samo masa kwalba shida a hannun wani ɗan kasuwa da ya ji daɗin rabuwa da su, ya biya ko ragi bai nema ba.